Katin bashi na banki ya riƙe mini wuya, ina biya duk wata amma kuɗin ba ya raguwa

Baban Iman, Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah duk wanda zai ce tun farko me ya kai ni karɓar katin, ya yi haƙuri ya riƙe abinsa, aikin gama ya gama.

Ina aikin sito a wani kamfanin shigo da kaya a Apapa, ina zaune a Agege da iyali da yara uku, biyu suna makaranta, ƙaramar tana goye. Abin da ke faɗowa asusuna a ƙarshen wata, bayan an cire haraji da fansho, naira 340,000 ne. Ma'aikatan bankin da ake biyanmu albashi ta cikinsa ne suka zo har wurin aiki suka raba mana katin bashi, wai ko ba ka taɓa shi ba ka ajiye saboda ɓacin rana. Ranar kuwa ba ta daɗe ba ta ɓaci. Mai gida ya ɗaga haya daga 400,000 zuwa 600,000, na ciro cikon a katin. Haihuwar ƙaramar ta zo da tiyata, katin ne ya sallami asibiti. Sai rasuwar mahaifinmu, muka kwasa gaba ɗaya zuwa Funtuwa muka dawo. Sauran ƙananan abubuwa ne, yau rabin buhun shinkafa, gobe cikon tukunyar gas.

Yanzu bashin yana kan 780,000. Kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 ne a wata. Da kansu suke cire mafi ƙarancin biya ranar da albashi ya shiga, wannan watan 39,000 suka ɗauka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tun bara ake wannan cirewa, amma duk sanda na duba kuɗin na nan inda yake, wani watan ma ya ɗan hau.

Ga yadda albashin ke tafiya: cefane da abincin gida 130,000, kuɗin mota 45,000, wuta da gas 25,000, kati da data 12,000, Islamiyyar yara 5,000, sai 30,000 da nake tura wa Hajiyarmu a gida, sai 39,000 na katin. A lissafi 54,000 ya kamata ta rage. Wallahi ban san launinta ba. Kafin 20 ga wata na koma kan katin.

Kuɗin makarantar yaran 90,000 ne duk zango, idan ya zo sai an yi fafutuka. Hayar bana na biya ta watan jiya, da kuɗin hutu 300,000 da kamfani ke ba mu sau ɗaya a shekara, sauran kuma na sayar da babur ɗin da wani yaro ke ja mini na cike. Baɗi babu babur ɗin sayarwa. Uwargida tana ɗinki a gida, tana ɗan samu, ban taɓa sa ido a kan kuɗinta ba. Ta san akwai bashi, ba ta san yawansa ba.

Wanda ya taɓa fita daga irin wannan, ta ina ya fara?

Akanta na Obalende:

Wa alaikumus salam Baban Iman. Allah ya jiƙan Baba, ya raya jaririya. Na gode da ka kawo alƙaluma, da yawa sai su ce "bashi ya yi mini yawa" su tsaya nan, ka rasa ta inda za ka kama musu.

Mu fara da 39,000 ɗin da ake cirewa. Kashi 3 na 780,000 shi ne 23,400. Wannan kuɗin ruwa ne zalla, ba ya taɓa uwar kuɗin. Ke nan 15,600 kaɗai ke rage bashinka a wata. Ko da ka kulle katin a akwati daga yau, muddin mafi ƙarancin biyan nan kake bi, kuma yana raguwa yayin da bashin ke raguwa, a shekara guda za ka zuba musu kusan 420,000 amma bashin ya sauka da kusan 168,000 kacal. Haka aka tsara shi, ba kuskuren kwamfuta ba ne. Kuma kada ka sa ran ruwan zai yi sauƙi da kansa. Ma'aunin ruwan da Babban Bankin Najeriya ke sanyawa yana kan kashi 11.5 a farkon 2022, ya kai 27.5 a Nuwamban 2024, bankuna kuwa a saman wannan suke ɗora nasu.

Sai maganar 54,000 da ka ce ba ka san launinta ba. Ba ɓacewa take yi ba, tun asali ba taka ba ce. Lissafinka na wata ne, amma manyan kuɗaɗen gidanka na shekara ne. Haya 600,000, cire kuɗin hutu, saura 300,000, wato 25,000 a wata. Makaranta zango uku 270,000, wato 22,500 a wata. Sallah biyu, ɗinkin yara, rago, tafiya gida, gudummawar biki da suna, maganin zazzaɓi, ba ka faɗi adadinsu ba, amma bari in sa maka 360,000 a shekara, na san ma sun fi haka, wato 30,000 a wata. Haɗa su: 77,500. Kai kuma 54,000 gare ka. Duk wata gidanka na cin 23,500 fiye da abin da ke shigowa, kuma katin ne ke cike gurbin. Ka rage 15,600, ka ɗebo 23,500. Ga amsar abin da ya ɗaure maka kai.

Abin da zan yi da ni ne kai. Ka daina bin mafi ƙarancin biya, ka yanke adadi guda wanda ba ya sauka ko bashin ya ragu. Idan ka tsaya kan 70,000 duk wata, kuma ba ka sake taɓa katin ba, wata 14 ka gama, kuɗin ruwan da za ka biya gaba ɗaya kusan 184,000. Idan ka tsaya kan 39,000 ba ta sauka, wata 31 ne, ruwan ya haura 420,000. Ka tura cikon a ranar albashi, kafin ka bar wurin aiki, kada ka ce sai ka ga abin da ya rage a ƙarshen wata. A Legas babu abin da ke raguwa a ƙarshen wata.

To ina za a samo? Ƙarin 31,000 na katin, da 23,500 na cike gurbi, 54,500 ke nan. Bana babu tafiya gida da iyali, babu rago, tukunyar 30,000 ta koma 12,000, ka sami 18,000. Abinci daga 130,000 zuwa 115,000, masu sanin kasuwa za su faɗa maka yadda ake yi, 15,000 ke nan. Mota: tun Oktoban 2024 jirgin ƙasa na Legas da ake kira Red Line yake ɗaukar fasinja daga Agbado zuwa Oyingbo, kuma yana tsayawa a Agege. Ka gwada shi mako guda da katin Cowry, wanda ake biyan kuɗin jirgin da shi, daga Oyingbo ka kama motar Apapa, ka gwama da abin da danfo uku da keke ke cinye maka, musamman ranar ruwa da kwandasta ke ninka kuɗi yadda ya ga dama. Ina sa ran 10,000 za ta fita a nan. Data daga 12,000 zuwa 7,000. Jimla 48,000. Saura 6,500, wannan na bar maka, kai ka san gidanka. Kuɗin Hajiya ban taɓa ba, kuma ban ba ka shawarar ka taɓa ba.

Abu biyu kuma a banki. Ka nemi cikakken bayanin asusun katin na shekara guda, ka duba layi layi. Cire tsabar kuɗi da katin bashi, irin wanda ka yi don biyan haya, yawanci yana da cajinsa daban, kuma ruwansa daga ranar yake fara hawa, babu kwanakin sassauci irin na sayayya. Sannan ka rubuta musu takarda cewa kana so a rufe katin daga sabon ciro, kuma ka tambaya ko za su mayar da bashin zuwa rance mai ƙayyadadden biya da ruwa ƙasa da wannan. Wasu na yarda, musamman ga wanda albashinsa ke hannunsu. Ka riƙe kwafi mai hatiminsu, maganar baka a kan kanta ba ta zama hujja.

Ɗan Alaba Rago:

Oga duk wannan dogon lissafi ne. Ka sauke manhajar bashi biyu ko uku a waya, minti goma an turo maka, ka rufe bakin bankin. Ko ka je wajen masu biyan albashi ka canza asusu zuwa wani banki, su nemi inda za su cire. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har gwamnati ana bin ta.

Akanta na Obalende:

Ƙanena, tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Yawancin manhajojin nan ruwansu na wata ya ninka na katin, wa'adinsu kuma gajere ne. Ka tambayi waɗanda aka tura wa surukansu da limaminsu saƙo cewa su ɓarayi ne. Abin ya yi ƙamarin da a 2022 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a nan Legas.

Canza banki kuma ya daina aiki. Tun 1 ga Agustan 2020 akwai tsarin GSI na Babban Banki: idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar bashi, kuma yawanci yana cikin takardun da ake miƙo maka, banki na iya bin lambar BVN ɗinka ya ɗebi kuɗinsa a asusunka na wani bankin. Ga kuma kamfanonin ajiye tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral, sunanka ya shiga can a matsayin wanda ya ƙi biya, gobe ka zo neman rancen gida ko na mota a ce a'a. Baban Iman bai taɓa tsallake biya ba, sunansa fes yake, kada ya ɓata shi.

Hajiyar Mile 12:

Ɗana Baban Iman, sannu da ɗawainiya. Ni ban iya lissafin Akanta ba, amma na san tukunya, kuma a kasuwar nan na tsufa.

Kafin komai, ka zaunar da matarka ka faɗa mata adadin, 780,000, da bakinka. Kai kana can Apapa, ita ke riƙe da ludayi. Ta yaya za ta rage 15,000 a abinci alhali ba ta san dalili ba? Gani za ta yi ka fara maƙo, ko kuma zuciyarta ta ba ta cewa tarin kuɗin ƙarin aure kake yi, ka ga an buɗe wata fitinar. Mace idan ta san gidanta ne ke cikin ruwa, tsimin da za ta yi ko kai sai ka yi mamaki. Kuɗin ɗinkinta kuwa nata ne. Idan ta ce za ta taimaka, ka karɓa da godiya, ka rubuta a matsayin rance, ka biya ta.

Cefane. Abin da ke kashe ku masu albashi shi ne awon derika, wato gwangwani, a shagon unguwa da tumatirin ɗari biyar kullum. Ku haɗu gida huɗu, mutum ɗaya ya zo Mile 12 da sassafe, lokacin da ake sauke kaya daga manyan motoci, kafin 'yan sari su kwashe. Kwandon tumatir ɗaya, buhun tattasai da attaruhu, albasa, ku raba. Ta markaɗa, ta dafa shi ya ƙone ruwansa sosai har ya yi kauri, ta zuba a kwalabe ta rufe samansa da mai, ko wuta ba ta zama zai yi kwanaki. Idan damina ta kama tumatir ya yi tsada, kada ku yi ta kokawa da shi, a koma kauɗa da busasshen tattasai, a yawaita miyar kuka da kuɓewa busasshiya, ai da su aka raine mu.

Kuma kai ɗan Funtuwa ne, kana sayen masara da wake a Legas da derika? Haba ɗana. Da kaka ka tura wa ƙaninka kuɗi ya shiga kasuwar Dandume ya auno maka buhun masara da rabin buhun wake, a ba direbobin da ke sauke kaya nan, ko da kuɗin mota da na 'yan dako ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba. Wake kawai a zuba shi a jarka mai murfi a toshe sosai saboda ƙwari. Da masara da wake a ɗaki, ga tuwo, ga koko, ga ƙosai, ga alala, ga ɗanwake idan an samo garin rogo. Burodin Agege da shayi mai madara kowace safiya ga mutum huɗu, ka zauna ka lissafa shi na wata, za ka riƙe baki. A mayar da shi na ranar Lahadi. Kai ma ta zuba maka abinci a kula ka tafi da shi, babu abin kunya, manyan ma'aikata ma na yi.

Akwai abin da ba ka sa a lissafinka ba, kuma na san yana nan: baƙi. Duk Bahaushen da ke da ɗaki da falo a Ikko gidansa zango ne. Wannan ya zo neman aiki, wancan ya zo karɓar kaya a tashar jirgin ruwa, wani ya zo biza, kowa sai ya yi mako biyu, kuma idan zai tafi kai ne da kuɗin mota. Ba na ce ka kori baƙo ba, Allah ya kiyaye. Amma ya ci abin da gida ke ci, ba a yanka masa kaza, kuɗin mota kuma ka ce bana ba hali. Wanda zai yi fushi ya yi, ba shi banki ke cire wa kuɗi ba.

Haya kuma, 25,000 ɗin da Akanta ya ce ka ware, idan ka bar ta a asusunka za ka cinye. Ka shiga adashi na mutum goma sha biyu, zubin 25,000, ka roƙi uwar adashi ta ba ka kwasar watan da ke gaban biyan haya. 300,000 cif. Amma wajen wadda aka sani da gida da rumfa, ba adashin waya ba.

Malam na Idi-Araba:

Baban Iman, Allah ya yaye maka. Ka ce kada a yi wa'azi, to ba zan yi ba, sai dai in ce tunda ruwa ne ke hawa a kansa, gaggauta fita daga cikinsa shi kansa aikin lada ne, ka yi niyya a kan haka.

Kan rago, hankalinka ya kwanta. A mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda ba ya bukatar kuɗinta don lalurorinsa. Wanda ake bi bashin da ke ƙaruwa duk wata, biyan bashin ne a gabansa. Idan don yara ne, ku yi watanda da maƙwabta, ga mayankar Oko-Oba kusa da ku, a sami naman miya, amma ka sani wannan nama ne, ba layya ba. Kuma idan ka sami mai ba ka rance ba ruwa don ka rage na bankin, ka karɓa, a rubuta da shaidu da ranar biya, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan haka ta sauka.

Baban Iman, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Akanta, na zauna da biro na bi lissafinka, haka yake, har ma kuɗin Sallah da tafiya sun fi abin da ka sa. Na kai takardar banki, sun rufe katin daga sabon ciro, maganar mayar da shi rance sun ce sai an tura sama. Allah ya gafarta Malam, na ji, bana watanda za mu yi.

Hajiya, na bi maganarku. Ta yi shiru, ta tashi ta shiga ɗaki, da ta fito da littafin awon ɗinkinta ta fito, ta buɗe bayansa ta ce in faɗo kuɗaɗen ɗaya bayan ɗaya. Ita ta gano 6,500 ɗin da Akanta ya bar mini: kuɗin tashoshin talabijin da ruwan leda da muke saye jaka jaka, ta ce za ta riƙa tafasa na famfo ta tace. Burodin ma ta rigaya ta soke shi, yara suna ta ƙunƙuni.

Ga sabuwar tambaya. Ta yi magana da yayanta da ke canji a nan Legas, ya ce zai ba ni 300,000 ba ruwa, in biya idan na samu. Raina bai kwanta ba, suruki ne. In karɓa?

Akanta na Obalende:

Ta fuskar lissafi, karɓa. Bashin katin zai koma 480,000, ruwan wata ya sauko daga 23,400 zuwa 14,400. Ka ci gaba da 70,000 ɗinka ba ragi, wata 8 ka gama da banki, ruwan da za su ci bai wuce 66,000 ba maimakon 184,000. Daga nan 70,000 ɗin ta juya wajen surukinka, wata biyar ka sallame shi. Sharaɗi ɗaya: kuɗin ya tafi kai tsaye cikin asusun katin a ranar da ya turo, kada ya kwana a hannunka.

Hajiyar Mile 12:

Lissafin Akanta daidai ne, amma "ka biya idan ka samu" ita ce kalmar da ban so ba. Da ita ake ɓata zumunci, shi yana ƙirga watanni a ransa, kai kana ganin ai bai ce komai ba, matarka na tsakiya tana shan kunya a gidan biki. Ka je da kanka har rumfarsa, ba ta waya ba, ka tafi da mutum ɗaya daga ɓangarenka. Ka faɗa masa gaskiya cewa sai bayan wata takwas zai fara ganin kuɗinsa, 70,000 duk wata, ku rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Ɗan canji kuɗinsa juyawa suke yi, idan wata takwas ya yi masa nisa gara ya faɗa yanzu, ka karɓi rabi ko ka haƙura. Kuma duk watan da ka hango ba za ka cika ba, ka kira shi mako biyu kafin ranar, kai da kanka, ba ta bakin ƙanwarsa ba.